Tanki biyu zuwa ɗaya: ka sa babban na baya

Ɗan'uwa, tunda a-kori-kurar taka Ford F-150 ce ta 1994 mai tankin mai biyu, kuma kana tsakanin barin tankin gaba shi kaɗai da sa babban tanki guda a baya, ni dai shawarata ka sa babban na baya, ka sauke na gaban gaba ɗaya.

Abin da ka ce kana gani, wato kana tafiya da tanki ɗaya amma ɗayan yana ƙara cika har ya yi ambaliya ta bakinsa, sanannen ciwo ne a tsofaffin motocin nan. Daga wajen 1990 kowane tanki da nasa famfon a ciki, kuma a jikin famfon akwai ɗan bawul mai hana mai shiga tankin da ba a kunna ba. Bayan shekara talatin bawul ɗin ya gaji, sai man da injin ya dawo da shi ya bi ta tankin da ba nasa ba. Makunnin zaɓen tanki da ke gaban direba ba ya tare mai ko kaɗan, wuta kawai yake juyawa zuwa famfo da ma'aunin tankin da ka zaɓa, don haka kada wani ya sa ka canza shi a banza.

Barin na gaba shi kaɗai yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Ka toshe bututun kai mai da na dawo da shi na tankin baya, shi ke nan. Sai dai abin da zai rage maka galan 16 ne ko 19, gwargwadon tsawon bodin, wato lita 60 zuwa 72, a motar da kowa ya san ba ta wasa da mai. Idan iyakarta kasuwa da gida, to.

Ni babban nake da shi a tawa, mai galan 38, kusan lita 144. Ka lura, wannan ya kai abin da tankuna biyun suke ɗauka a haɗe, ko ma ya ɗara, saboda na bayan na asali galan 18 ne zuwa 19. Ke nan ba ka rasa nisan tafiya ba, amma ka rage famfo ɗaya, ma'auni ɗaya, bakin zuba mai ɗaya, da duk mahaɗar tiyo da za ta iya yoyo wata rana. Akwai wata tafiyar dare da na yi da kaya cike da bayanta, ƙanena na gefe yana ta leƙen allurar geji. Duk gidan man da muka wuce sai ya dube ni, ni kuma in yi kamar ban gan shi ba. Can da tafiya ta miƙa ya kasa daurewa, ya ce, "Yaya, anya gejin nan bai mutu ba?" Muka isa, muka sauke kaya, muka juyo, allurar tana nan sama da kwata. Yanzu idan zai ari motar ba na yi masa dogon bayani a kan wane tanki ne ke da mai, in miƙa masa makulli kawai.

Amma kada in yi maka daɗin baki, aikin ya fi wancan yawa. Babban tankin yana zama a gurbin na asali ne, bayan aksul, tsakanin ƙarafan shasi. Faɗinsu kusan ɗaya, zurfi ne ya fi shi, don haka ƙasa yake ƙaruwa, daidai inda safaya take rataye. Safayar sai ta koma cikin bodi. Wannan kaɗai ya sa wasu suke fasawa, kuma ban ga laifinsu ba idan kullum bayan motar a cike yake. Ƙarafan da ke ɗaure tankin ma sai an samo dogaye ko a ƙara musu tsawon noti, tunda cikakken tanki zai haura kilo 100 na mai kaɗai.

Inda aka fi yin kwaba shi ne cikin tankin. Famfon asali an auna shi ne da zurfin ƙaramin tanki. Idan aka zura shi haka nan a babban, bakinsa zai tsaya a sama, motar ta mutu alhali mai na nan jibge a ƙasa. Dole a ƙara masa tsawo har matacinsa ya kusa taɓa gindin tankin, a kuma ƙara tsawon hannun abin nan da ke yawo a saman mai yana gaya wa geji inda aka kwana. Kafin a rufe, ka sa bakaniken ya haɗa wayar, ya ɗaga hannun sama ya sauke ƙasa da hannunsa, kai kana kallon allurar. Aikin ɗan lokaci ne, ya fi a sake sauke tanki da mai a cikinsa. Kuma tunda an riga an buɗe, sabon famfo za ka sa. Tsohon da ya kawo wannan rigimar ba shi da dalilin shiga sabon tanki.

Za ka ji masu cewa tankin motar Ford Bronco mai galan 33 ma yana shiga. Yana shiga, amma da nasa famfon da nasa abin ɗaurewa, har da ɗan gyaran ƙarfe, ga shi bai kai wancan ɗauka ba. Ban ga ribar ba.

Wajen sauke na gaba, bututu uku ne za a kula da su: na kai mai, na dawo da mai, da siririn nan na tururi. Mutane kan toshe biyu su manta da na ukun, sai motar ta dinga warin fetur ba a san daga ina ba. Toshin kuma ya zama na gaske, domin injin mai injekta ne, ƙarfin man cikin bututun yana haura psi 30 a ma'aunin matsi. Tura noti a cikin tiyo a ɗaure da waya dabarar zamanin kafireta ce, a nan wuta take jawowa. Makunnin gaban direba kuma a haɗe wayoyinsa kai tsaye zuwa na baya, in ba haka ba ranar da gwiwar wani ko hannun yaro ya taɓa shi, motar za ta mutu a tsakiyar titi tana neman tankin da babu. Wanda ba a taɓawa shi ne makunnin da ke yanke wa famfo wuta idan an yi karo. Wasu masu wayarin sukan tsallake shi don sauƙin aiki. Kada ka yarda.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka game da masu sayarwa, don a nan kuɗin mutane ke salwanta. Akwai masu ɗauko tankin kwance da tsatsa ta cinye cikinsa, su liƙe ramukan da gam, su fesa baƙin fenti, su ce sabo ne ya daɗe a ajiye. Haska tocila a ciki ka gani da idonka, ka kuma shafa gindinsa da wajen ɗinkin ƙarfen. Duk wanda ya hana ka leƙawa, ka san akwai dalili. Akwai masu cewa duk tankunan shekarun nan ɗaya ne, alhali faɗin ramin da famfo ke zama ya bambanta tsakanin shekaru, na dizal kuma kayan cikinsa daban. Ka tafi da tsohon famfonka a gwada a gabanka. Ma'aunin geji ma haka: na motarka yana karanta kusan om 16 (om shi ne ma'aunin juriyar wuta) in babu mai, 158 in ya cika. Na farkon shekarun 1980 kuwa 73 ne in babu, 10 in ya cika, wato a juye. Aka sa maka shi, allurar za ta ce babu mai ranar da ka cika, ta kuma ce da sauran mai ranar da kake gab da turi. Na Chevrolet na wancan zamanin 0 zuwa 90 ne, shi ma ba naka ba ne, komai rantsuwar mai shago.

Tiyo ma ana cuta a kansa, don a ido duk baƙar roba ce. Karanta rubutun jikinsa. Tiyo mai lamba 30R7 na ƙaramin ƙarfi ne, bai dace da injekta ba. Na waje 30R9 kake so, guntun da zai zauna tsundum cikin mai kuma 30R10, in ba shi ba robar za ta kumbura ta ruɓe a cikin tankin. Araha ba ta ado, balle a kan fetur.

Ranar aikin a cire kan batir, a sauke ƙarfin man da ke bututu kafin a kwance komai. Tankin da aka zuƙe mansa ya fi cikakke haɗari saboda tururin da ke ciki, don haka kada a kunna walda ko injin yankan ƙarfe kusa da shi. In za ka iya, ɗaga bodin bayan gaba ɗaya, komai sai ya fito fili a yi aikin daga sama. A duba kada tiyon iska na bakin tankin ya lanƙwashe, shi ne ke sa bindigar gidan mai ta yi ta katsewa. Zuban farko kuma ka tsaya a rabi, ka kunna, ka leƙa ƙasa ka shinshina, ka ɗan zagaya da ita ka sake dubawa kafin ka cika.