Silikon ɗin banɗaki: abin da na gani bayan wata takwas da shafa shi

Fentin ɗakin yara ne ya fara tona asiri. Can ƙasa-ƙasa, daidai inda bangon ya haɗu da banɗaki, ya kumbura ya fara ɓarewa, in ka ɗora hannu sai ka ji sanyi da laima. Uwargida ta yi wajen wata biyu tana magana ina cewa gobe, har ranar da ta janye durowa ta nuna mini baƙar fumfunar da ta yi layi a bayanta. Ta ce, "Maigida, in ba ka da lokaci ka kira mai gyara, a nan fa yaran nan suke kwana."

Na kira wani dattijo mai gyaran famfo, ina tsammanin zai ce a fasa bango. Ya rufe duk famfunan gidan, ya ƙwanƙwasa nan ya saurari can, sannan ya tsuguna wurin shawa ya zura farcensa a layin da tayil ɗin bango ya haɗu da kwanon da ake tsayawa a ciki. Tsohon silikon ɗin wurin, wato abin nan mai kama da roba da ake toshe gaɓa da shi don kada ruwa ya shiga, ya ɗago kamar ɓawon rake. Ya ce, "Yallaɓai, bututunka lafiya lau. Ga ƙofar ruwan nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ya ce aikin bai kai a biya mutum ba, in sayi silikon na banɗaki mai maganin fumfuna da bindigar matsa shi, in yi da kaina. Na ce, "Baba, na gode," na raka shi. Kuskurena shi ne ban tsaya na tambaye shi yadda ake yi ba, ina ganin ai matsawa ne kawai da shafawa.

Abin da na sayo fari ne, a cikin doguwar roba mai cin mililita 300, da tsinin bakin da ake ɗaura masa. Da yamma bayan kowa ya yi wanka na shiga, na goge wurin da tsumma sama-sama, na yanke bakin, na bi tsohon layin na malala sabo a kansa. Ya yi kauri a wani wuri, ya tsinke a wani, na bi da yatsa ina gyarawa har ya ɓata mini tayil da riga. Duk da haka na fito ina jin kaina gwani. Kwana ashirin ba su cika ba uwargida tana wanke banɗaki tsintsiya ta kama gefe guda, layin gaba ɗaya ya taso kamar igiya. Da farko na ɗora wa kayan laifi, na ce jabu aka sayar mini. Sai da na zauna na karanta ƙananan rubutun da ke bayan robar, waɗanda ba wanda ke karantawa, na ga duk abin da aka hana shi na yi.

Sabon silikon ba ya kama jikin tsoho. Wannan ita ce maganar da na so a ce an rubuta da manyan baƙaƙe a gaban robar. Santsin da ke sa ruwa ya zame a kansa shi ne ke hana komai mannewa, har ɗan'uwansa. Kuma ba ya kama wuri mai jiƙa, ko mai maiƙon sabulu. Ni kuwa na haɗa duka ukun.

Karo na biyu na ware masa Asabar guda. Mafi yawan ranar a cire tsohon ta tafi. Na bi gefen sama da na ƙasa da reza mai marfi, a kwance don kada ta karce kwanon, na zare abin da ya zaru, sauran ɓurɓushin na kankare da wani tsohon katin roba. Wannan shi ne wurin da haƙuri ke ƙarewa, domin akwai wani siririn sauran silikon da ke maƙalewa a jikin tayil wanda ido ba ya gani sai yatsa ya ji santsinsa, kuma in ka bar shi ka koma gidan jiya. A ƙarƙashin tsohon layin fumfuna ce baƙa ƙirin. Na sa mata bilic da aka sirka da ruwa, na bar shi ya ɗan jima, na ɗauraye. A nan in ja kunne: kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal ko wani maganin wanke masai mai asid, haɗin yana fitar da iskar kulorin, kuma a ƙaramin ɗaki irin banɗaki tana iya shaƙe mutum. A buɗe taga, a sa safar hannu. Daga nan na hana kowa shiga har washegari, na kunna fanka a bakin ƙofa, da safe na goge layin da sifirit don ya kwashe sauran maiƙo.

Dabarar da ta fi taimakona ita ce salatef ɗin takarda irin na masu fenti. Na manna layi ɗaya a jikin tayil, ɗaya a jikin kwanon, na bar tazarar kamar milimita 6 a tsakani. Na yanke bakin robar a karkace, ƙaramin yanka, don in ramin ya yi girma ba a mayar da shi. Sai na matsa bindigar a hankali ina ja ba tsayawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwai wani ɗan maɓalli a bayan bindigar da ke sakin matsin. In ba ka danna shi ba bayan ka gama layi, silikon zai ci gaba da tsiyaya a ƙasa kana kallo. Na bi layin sau ɗaya da jiƙaƙƙen yatsa, ina ɗan dannawa don ya shige ramin, na cire salatef ɗin nan take tun bai fara yin fata ba. Minti goma zuwa ashirin ke gare ka kafin saman ya fara kamewa, bayan haka duk taɓawar da ka yi ɓatawa ce. Layin ya fito miƙaƙƙe, har uwargida ta tambaya ko dattijon ne ya dawo.

Mutane da yawa na fesa ruwan sabulu kafin su lallaɓa layin. Yana hana shi manne wa yatsa, gaskiya ne, amma in ruwan sabulun ya gangara ƙarƙashin gefen da bai riga ya kama ba, nan ne zai fara ɗagowa. Da salatef ba ka buƙatar wannan kasada.

Sai wari. Irin wanda na saya yana fitar da wari mai kaifi kamar na khal, har ido na yaji. Ba lalacewa ya yi ba. Silikon ba bushewa yake kamar fenti ba, laimar da ke cikin iska yake sha ya daskare, kuma wannan nau'in, da ake kira asitoksi, yana sakin asid ɗin khal yayin da yake daskarewa. Daga waje yake kamewa zuwa ciki, wajen milimita 2 zuwa 3 a awa 24, shi ya sa saman zai iya yi maka kamar ya gama alhali cikin yana nan ɗanye. An rubuta a jira awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi, ni na ba shi kwana biyu, muka koma ɗaya banɗakin ana ta ƙorafi. Warin ya ɗauke a rana ta biyu.

Asid ɗin nan ne ya sa ba ko'ina ake shafa irinsa ba. A kan tayil mai ƙyalli, gilashi da kwanon tangaran yana kamawa ƙam. Amma yana cin jan ƙarfe da tagulla, yana ɓata dutsen mabul, ba ya jituwa da siminti tsirara, kuma in aka manna madubi da shi yana iya cinye azurfar bayan madubin ta yi baƙi-baƙi. Waɗannan wuraren nasu daban ne, wanda ake kira niyutiral, marar wannan warin. Robobin biyu kamarsu ɗaya a kan kanta, launi ɗaya, girma ɗaya, sai ka juya baya ka karanta. Na kusa shafa ragowar nawa a gefen teburin mabul na kicin, Allah ya sa na riga na koyi karatun bayan roba.

Da na bi asalin abin sai na tarar daga yashi yake farawa, domin daga yashi ake fitar da sinadarin da ake gina shi a kai. Wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Frederic Kipping, wanda ya koyar a Nottingham, shi ya raɗa masa suna a 1901, kuma ya shafe shekaru yana bincike a kai ba tare da ya hango masa wani babban amfani ba. Sai a Amurka aka mayar da shi sana'a, inda aka kafa kamfanin Dow Corning a 1943 don sarrafa shi. Abin da ya bambanta shi da siminti ko farin garin da ake cike tsakanin tayil shi ne ba ya sandarewa, yana nan kamar roba. Kwanon wanka yana ɗan nutsewa in mutum ya hau, ya dawo in ya sauka. Bango da taga suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi. Siminti a irin wannan gaɓa tsagewa yake, silikon kuwa ya miƙe ya dawo. Saboda haka ne ma masu baho ake ce musu su cika shi da ruwa kafin su shafa, su bar ruwan har ya kame, don layin ya daskare a lokacin da ramin ya fi buɗewa.

Yanzu wata takwas ke nan. Layin bai ɗago ko'ina ba, na gwada da farce. Bangon ɗakin yara ya ɗauki makonni kafin ya bushe sosai, sannan na kankare na sake fenti, har yau bai kumbura ba. A wannan fannin kayan ya cika alƙawari, ba ni da ta cewa.

Inda na ga ƙarin gishiri shi ne maganar fumfuna. An rubuta a gaban robar da manyan baƙaƙe cewa yana hana ta. Wata biyar na farko fari tas. A na shida sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kusurwar da ruwa ke kwanciya, bayan robobin sabulu. Maganin da ke ciki yana rage ta ne, kuma yana wankewa da tafiyar lokaci. Fumfunar ba silikon take ci ba, dattin sabulu da maiƙon jiki da ke zama a kansa take ci. Na jiƙa auduga da bilic na kwantar a kan wurin na kwana ɗaya, yawancin ɗigon ya fita, biyu sun ƙi, da alama sun riga sun shige ciki. Tun daga nan dokar gidan ita ce wanda ya yi wanka na ƙarshe ya share ruwan kusurwar ya bar taga a buɗe. Ana bi wani lokaci.

Wurare biyu kuma na kai shi inda ba hurumin sa ba, ya ba ni kunya, kodayake laifin nawa ne. Na farko gaɓar bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na lafta masa silikon ta waje, ya yi kwana uku ya ci gaba da ɗiga ta gefe. Ruwan da ke da ƙarfi a cikin bututu ba a tare shi daga waje. Da na kwance gaɓar sai na ga zoben robar ciki ne ya mutu, na canza shi na naɗa farin zaren masu famfo a jikin haƙoran, magana ta ƙare. Na biyu wata tsaga a gefen ƙyauren ɗaki da na cike da shi, na zo yin fenti fentin ya ƙi zama, yana tattarewa kamar ruwa a kan leda. Silikon ba ya karɓar fenti. Wurin da za a yi wa fenti, abin cike tsaga na akirilik ake sa masa, wanda shi kuma ba ya jure ruwa kamar wannan. Sai da na sake ɗaukar reza.

Bindigar da na haɗa da shi ta ƙarfe ce marar nauyi, hannunta yana da tauri, kafin ka gama layi biyu tafin hannu ya gaji, kuma matsinta ba ya tafiya daidai, shi ya sa layin farko ya yi tudu da kwari. In zan sake saye zan nemi mai laushin hannu. Zan kuma duba kwanan watan da ke gindin robar, domin silikon yana tsufa ko ba a buɗe shi ba, kuma wanda ya wuce lokacinsa yana iya ƙin daskarewa, ya zauna yana danƙo har abada.

Roba ɗaya ta ishe ni shawa, kwanon wanke hannu da bayan wurin wanke-wanke, har da saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Na soka ƙusa a bakin na naɗe da leda na ajiye. Makon jiya na ɗauko shi don tagar kicin da ke shigar da feshin ruwan sama, na tarar abin da ke cikin tsinin ya daskare. Na kwance tsinin na zaro shi kamar tsutsa, na ga na cikin robar da sauran ransa. Sai dai firam ɗin tagar a jikin siminti yake zaune, don haka na mayar da wannan aljihun tebur, gobe in nemo marar warin.