Harshen but mai zamewa gefe: wane iri za ka saya, wane gyara ya cancanci kuɗinka

Mutum zai ɗaura igiyar takalmin but ɗinsa da safe, harshen, wato fatar nan da ke ƙarƙashin igiya, yana tsakiya daram. Kafin ya kai bakin titi ya fara karkata, kafin azahar ya gangara gefen ƙaramin yatsa ya naɗe a can. Daga nan igiya ce ke cin saman ƙafa kai tsaye, yashi da tsakuwa sun samu ƙofar shiga, gefen harshen da ya naɗe kuma yana gugar ƙashi har ya tayar da bororo. Masu gadi, ma'aikatan gini, 'yan acaɓa, masu bautar ƙasa da duk wanda ke wuni a cikin but sun san wannan damuwar. Abin da ya sa na ga ya kamata a tsaya a yi bayani shi ne, mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan gyaran da ba shi ne maganin ba, wasu ma su lalata takalmi mai kyau da gam, alhali matsalar tana da sauƙin ganewa tun a wurin saye.

A fara da dalili. Saman ƙafar ɗan Adam ba a miƙe yake ba. Tudunsa ya fi tsayi ta ɓangaren babban yatsa, sannan ya gangara zuwa ɓangaren ƙarami. Harshen da aka ɗinke ta ƙasa kawai, sauran jikinsa a sake, yana zaune ne a kan wannan gangaren, kuma duk takun da ka yi ƙwaurinka yana tura shi kaɗan. Shi ya sa kusan kullum waje yake faɗawa, ba ciki ba. Idan kuma takalmin ya yi maka yawa, ko igiyar ta yi sako-sako, sai abin ya ƙaru, kamar sirdin da ba a ja majayinsa ba. Fata kuwa tana riƙe duk yanayin da ta saba. Harshen da ya yi sati biyu yana kwana a karkace, gumi ya jiƙa shi ya bushe a haka, ya riga ya yi lanƙwasar da za ta riƙa mayar da shi can ko da ka gyara shi sau goma a wuni. A lokacin hunturu, da fata ke bushewa ta ƙandare, wannan lanƙwasa ta fi saurin zama.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Mai sallah yana cire takalmi sau da yawa a wuni, kuma wanda ke sauri ya koma bakin aiki ba ya tsayawa ya sassauta igiya har ƙasa. Cusa ƙafa yake yi, ya tura harshen ciki, ya ja igiyar sama kawai ya ƙulle. Wasu ma da gangan suke barin ƙofofi biyu na sama babu igiya don cirewa ta yi sauƙi. Ban ga laifin kowa ba a nan, amma ya kamata mai saye ya sa wannan a lissafi, domin but ɗin da ya dace da wanda ke sa shi sau ɗaya da safe ba lalle ne ya dace da wanda zai cire shi sau huɗu kafin ya tashi daga aiki ba.

Idan ba ka riga ka saya ba

Ko a shago ne, ko a layin 'yan gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano, abu na farko shi ne ka zare igiyar sama ka ja harshen gaba ka leƙa gefensa. Iri uku za ka tarar.

Na farko sakakken harshe, wanda gindinsa kawai aka ɗinke. Shi ya fi yawa a but na ado da na yawo cikin gari. Sanannen samfurin nan na Dr. Martens mai lamba 1460, mai ƙofofin igiya takwas a kowane gefe, wanda aka fara fitarwa a Ingila a 1960, irin wannan ginin ne da shi, haka ma yawancin waɗanda aka kwaikwaya daga gare shi. Amfaninsa shi ne bakin takalmin yana buɗewa sosai, ƙafa ta shige babu kokawa, iska kuma tana ɗan ratsawa. Aibinsa shi ne ainihin abin da muke magana a kai. Idan shi ka zaɓa, duba ko akwai ɗan madauki ko tsaga biyu a jikin harshen da igiya za ta bi ta ciki, kuma ka duba inda aka sa shi. Madaukin da ke can ƙasa kusa da yatsu kusan ado ne, don ba a nan harshe ke zamewa ba. Wanda ke sama, daidai lanƙwasar idon sawu ko sama da haka, shi ne mai aiki.

Na biyu shi ne wanda aka haɗe gefunansa da jikin takalmin tun daga ƙasa har sama, da fata mai laushi ko yadi mai ƙarfi da ke ninkewa ciki idan an ɗaure. Wannan shi ne ginin but ɗin sojoji da na masu aikin daji. Ba ya zuwa ko'ina, ruwa da yashi da ƙarangiya ba sa samun hanya, kuma ga manomi ko mai aiki a fadama da damina babu na biyunsa. Sai dai yana da zafi, yana jinkirin bushewa, kuma mai tudun ƙafa sosai zai sha wahala wajen sawa da cirewa. Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: a satin farko dole ka riƙa ninke fatar gefen nan da hannunka, ta kwanta lafiya iri ɗaya a hagu da dama, kafin ka ja igiya. Idan ka bar ta ta ninke yadda ta ga dama, za ta yi dunƙule a wuri ɗaya, ta zauna a haka, ta riƙa danna maka ƙashi.

Na uku tsaka-tsaki ne, an haɗe gefunan zuwa rabi, wajen ƙofa ta uku ko ta huɗu daga ƙasa, sama kuma a sake. Ga mafi yawan mutane shi nake ba da shawara. Rabin da aka ɗinke ya isa ya hana harshen juyawa, rabin da aka bari ya isa ƙafa ta shige da sauri bayan alwala. Idan aka samu irinsa da ƙugiyoyi a sama maimakon ƙofofi, ya fi, don igiya tana fita daga ƙugiya cikin daƙiƙa kaɗan kuma ba za ka ji ƙyuyar ɗaure ta har sama ba. Mai zif a gefe shi ma yana da wannan sauƙin, ka ɗaure igiya daidai sau ɗaya ka bar ta, amma zif ne ke fara mutuwa a irin wannan takalmi, musamman inda ƙura ta yi yawa, don haka ka ja shi sama da ƙasa sau da yawa kafin ka biya. Wanda kuma ba ya son zancen harshe gaba ɗaya, akwai but marar igiya mai roba a gefe biyu. Yana da kyau ga ofis da tuƙi, amma ba ya riƙe idon sawu kamar mai igiya, robar kuma tana saki da daɗewa.

Duk irin da ka ɗauka, kada ka saya ba ka gwada da safar da za ka riƙa sawa ba, ƙafa biyu, a ɗaure har sama. Dubi tazarar da ke tsakanin layin ƙofofin hagu da na dama. Idan sun haɗe har suna taɓa juna kuma har yanzu ƙafarka tana wasa a ciki, takalmin ya yi maka yawa, kuma babu ɗinkin da zai hana harshensa yawo. Ya kamata a samu tazara kamar faɗin yatsa biyu. Sannan ka ajiye takalmin a ƙasa ka dube shi ta gaba, ka ga ko gindin harshen a tsakiya aka ɗinka shi. Akan samu wanda tun daga wurin ɗinki aka karkata shi, kuma wannan sai an farke an sake. A na gwanjo kuwa, juya harshen ka duba bayansa: idan akwai tsohuwar lanƙwasa a karkace da ta yi duhu, ƙafar mai shi na farko ta riga ta koya masa hanya. Ba dalilin fasa saye ba ne idan sauran takalmin lafiyayye ne, amma dalilin neman ragi ne.

Idan kuma takalmin yana hannunka

A nan shawarata ita ce a fara da abin da za a iya warwarewa, a bar yanka da ɗinki zuwa ƙarshe.

Canza igiya shi ne mafi araha. Igiyar roba mai mulmulalle da santsi tana saki da kanta. Mai faɗi ta auduga, musamman wadda aka shafa wa kaki, tana kama harshe kuma ƙullinta ba ya kwancewa. Haɗa wannan da ɗabi'ar sassauta igiya har ƙasa kafin sa ƙafa, a ja harshen sama, a ɗan kai shi ɓangaren babban yatsa fiye da tsakiya, sannan a ja igiyar ƙofa bayan ƙofa. Ga sabon takalmi wannan kaɗai yakan isa. Ga wanda ya riga ya lanƙwashe, a ɗan jiƙa bayan harshen da tsumma mai laima, a miƙe shi, a cusa takarda a cikin takalmin, a ɗaure shi daidai a bar shi ya bushe a inuwa. Ban da rana, ban da kusa da wuta. Man kaɗe kaɗan yana tausasa fatar da ta ƙandare, amma yana sa ta yi duhu, kuma idan ya yi yawa harshen zai yi laɓo-laɓo ya fi da zamewa.

Idan takalmin ya ɗan yi yawa ne, shimfiɗar ciki mai kauri ko safa mai kauri tana ɗaga ƙafa ta cike gurbin. Masu bautar ƙasa da ba su dace da lambar ƙafarsu ba a sansani, gara su nemi wanda za su yi musaya da shi tun ranar farko, don tazarar lamba biyu ba ta cikuwa da safa. Akwai kuma ɗan soso da ake mannawa a bayan harshe, yana taimakawa ga mai siririyar ƙafa, sai dai a zafinmu gumi yana saurin ɓalle shi. Gara baduku ya ɗinka ɗan gutsuren fata mai gashi-gashi a wurin, wadda za ta kama safa. A arewa maso yammacin Amurka, kamfanoni irin su White's da Nicks da ke birnin Spokane suna haɗa but ɗin masu saran itace da masu kashe gobarar daji da wani harshen ƙari da ake zura igiya ta gindinsa. Aikinsa kare harshen asali daga cin igiya da datti, yana kuma cike gurbi kaɗan. Kowane baduku zai iya yanka maka irinsa, amma kada ka sa ran shi kaɗai zai tsayar da harshen da ya saba tafiya.

Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne tsaga biyu ko madauki. Sa takalmin a ƙafarka, ka ɗaure shi yadda kake so ya zauna, ka sa alli ka yi alama a inda igiyoyi suka gitta a ƙofa ta biyu ko ta uku daga sama. Kada ka bari a auna takalmin yana hannu, don inda harshe ke zama babu ƙafa daban ne. Tsaga biyu a tsaye, kowace kamar santimita ɗaya da rabi, tsakaninsu kamar santimita ɗaya. Ka roƙi mai gyaran ya fara huda ƙananan ramuka da abin huda bel a bakin kowace tsaga sama da ƙasa kafin ya sa reza, domin tsagar da ta ƙare da kaifi tana ci gaba da yagewa, wadda ta ƙare da zagaye kuwa tana tsayawa. Idan fatar siririya ce, ko harshen yana da soso da shafi a ciki, a bar tsaga, a ɗinka madaukin fata a kai. Haka ma but ɗin da aka yi wa shafi mai hana ruwa shiga irin Gore-Tex: duk hujin da ya ratsa shafin ya zama hanyar ruwa, don haka ɗinkin ya tsaya a fatar sama kawai.

Wani lokaci madauki ba ya isa, harshen ya riƙa jan igiyar da kanta zuwa gefe. Sai a koma ɗinki. A nan ne nake so mai karatu ya buɗe ido, don masu gyara da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan ɗinke gefe biyu ƙam, mai takalmi ya dawo gida ƙafa ta ƙi shiga. Gefe ɗaya ake ɗinkewa, na ɓangaren babban yatsa, tunda waje harshen ke gudu. Ɗinki ɗan gajere, santimita biyu zuwa uku, a ƙarƙashin layin ƙofofi, a bi tsohon layin ɗinkin da ke wurin don kada ya fito fili. Wanda ke son gefe biyu, a sa masa roba mai faɗi tsakanin harshen da jikin takalmin, ta riƙe kuma ta ba da hanya. Gam kuwa, musamman mai saurin kamawar nan na ƙaramin bututu, a nisanta shi da fata. Yana ƙona ta ta ƙandare, ta tsage a daidai wurin, ga shi ba ya jure lanƙwasa, bayan kwana kaɗan ya ɓalle ya bar tabo mai kaifi da ke yagar safa.

Kafin ka bar wurin mai gyara, zura hannunka ciki ka shafa inda basilla ta bi. Idan yatsarka ta ji ƙulli, ƙafarka za ta ji shi ninki goma bayan tafiyar awa ɗaya, don haka ka ce: “Malam, don Allah a mayar da ƙullin nan tsakanin fata da fata, a buga shi ya kwanta.” Sannan ka sa takalmin a gabansa, ka cire, ka sake sawa, ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo. Idan akwai abin da za a sassauta, a lokacin ya fi sauƙi, zare da allura suna hannunsa.