Karaya: Gidan Mai Ɗori Ko Asibitin Ƙashi Na Dala?

Duk sanda adaidaita ta kaɗe wani a unguwa, sai a yi ta tambaya ta ina za a kai shi, gidan mai ɗori ko Dala.

A kuɗi da sauƙi, mai ɗori ne a gaba. Yana kusa, babu yankan kati, babu layi, wani ma abin sadaka kawai zai karɓa. A asibiti kuwa akwai kuɗin hoto, na siminti, wani lokaci har na tiyata.

Wajen haɗari ne lissafin ke juyawa. Ƙashi yana da jijiyoyin jini, shi ya sa karaya mai sauƙi kan haɗe cikin mako 6 zuwa 8 idan an daidaita ta. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan gaɓa ba shi da su, warkewarsa da wuya. Idan karaya ta ratsa gwiwa ko gwiwar hannu, laluben hannu ba zai nuna ba, sai hoto. Ga kuma ɗaurin kara: in ya matse ya tare jini, naman yakan mutu har a yanke hannun. Yara ma wurin tsiron ƙashinsu guringuntsi ne, in ya haɗe a karkace haka ƙafar za ta girma.

A ganina, mai ɗori ya dace da mai targaɗe, ko ƙaramar tsagewa da hoto ya nuna ƙashin bai goce ba. Wanda ƙashinsa ya huda fata, tsohon da ya karye a kwatangwalo, da yaron da ya karye kusa da gaɓa, Dala ce tasu.