Karatun tarihi a katin waya: darasin muƙaddashin Sikotilan

A wani ƙauye da ke kan hanyar Kazaure akwai shagon cajin waya inda ake tura wa mutane wa'azi da fina-finai, kuma tun bara mai shagon ya ƙara da darussan tarihin duniya cikin Hausa, waɗanda wani malamin sakandare mai ritaya yake ɗauka da muryarsa. Kuɗin turawa bai taka kara ya karya ba, kuma ko ƙaramar waya mai madannai tana iya kunna su. Darasin da ya fi jan hankalina shi ne na Robert Stewart, mai riƙe da sarautar Albany (ana kiransa Albany a taƙaice), wanda ya mulki Sikotilan shekara da shekaru ba tare da ya taɓa zama sarki ba.

Malam ya iya tsara zance. Bai fara da yaƙi ba, sai ya fara da gida, domin a cikin gida rigimar take. An haifi Robert wajen shekarar 1340, ɗa ne ga Sarki Robert na Biyu, amma ba shi ne magaji ba. Yayansa ne ya hau gadon a 1390 da sunan Robert na Uku, alhali yana fama da raunin da ya samu bayan doki ya harbe shi, don haka tun 1388 aka ɗora wa ƙanin riƙon ƙasa. Daga nan malam ya nuna yadda mutum ɗaya ya tsinci kansa da wuya uku a gaba: biyayya ga yayansa, amanar ƙasa, da kuma makomar 'ya'yansa na cikinsa.

Inda darasin ya fi armashi shi ne labarin 1406. An tura yarima James, ɗan Sarki Robert na Uku, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, zuwa Faransa ta jirgin ruwa, sai aka kama shi a teku aka miƙa shi ga Sarki Henry na Huɗu na Ingila. Mahaifinsa ya rasu bayan 'yan makonni, yaron ya zama sarki yana tsare, baffansa kuwa ya zama gwamnan ƙasa. A nan malam ya kawo misalin da kowane mai sauraro a karkara zai gane, wato baffan da aka ba riƙon gonar maraya: yana noma ta da kyau, yana kare iyakarta, amma ba ya gaggawar ganin ranar da maraya zai karɓi abinsa. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Ɗan baffan na cikinsa, Murdoch, yana hannun Ingilawa tun yaƙin Homildon na 1402, kuma a 1416 uban ya fanso shi ta hanyar musayar fursuna da Henry Percy, wani basaraken Ingila da ke hannun Sikotilan, yayin da sarkin ƙasar ya ci gaba da zama a tsare har 1424.

Abin yabo shi ne malam bai mayar da mutumin azzalumi zalla ba. Ya ambaci cewa ya guji ɗora wa talakawa sabon haraji, har aikin rushe ganuwar Jedburgh a 1409 daga kuɗin kwastan aka biya, kuma a zamaninsa Jami'ar St Andrews ta samu takardar amincewar Fafaroma a 1413. Ya taɓo yaƙin Harlaw na 1411 da rundunar da aka tura Faransa a 1419 ƙarƙashin wani ɗansa, John, amma ya wuce su da sauri, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai akwai wurin da ya yi sakaci, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Da ya zo kan mutuwar David, babban ɗan Sarki Robert na Uku kuma yayan James, wanda ya rasu a tsare a fadar Albany da ke Falkland a 1402, malam ya faɗa kai tsaye cewa baffan ne ya kashe shi da yunwa, kamar yana wurin. Gaskiya ne an daɗe ana wannan zargi, kuma Albany ne ya fi kowa cin moriyar mutuwar, amma majalisar ƙasa ta zauna a wannan shekarar ta wanke shi. Mai sauraro yana da damar ya ce majalisar da ke ƙarƙashin ikon wanda ake zargi ba za ta yi adalci ba, amma haƙƙinsa ne a gaya masa cewa ta zauna, musamman ɗalibin da zai ɗauki maganar malam ya kafa hujja da ita.

Ta fuskar sauti, muryar tana fita sarai a farkon darasin, sai dai daga tsakiya ƙarar janareta da kukan akuya suna shiga, har sunayen Turawa, waɗanda dama suna da wuyar kamawa, sukan ɓace. Da na yi wa mai shagon ƙorafi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a zauren gidansa yake ɗauka, sai a yi haƙuri," kuma ya sake tura mini darasin ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ko da yake matsalar daga ainihin ɗaukar take. Ya kamata kuma a riƙa sa wa kowane darasi suna da lamba, domin a yanzu sai mutum ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya gano wanda yake nema.

Ƙarshen darasin bai cika ba. Ya tsaya a rasuwar Albany a 1420, alhali sakamakon riƙon nasa ya bayyana ne bayan James ya dawo, lokacin da aka fille kan Murdoch da 'ya'yansa biyu a Stirling a 1425. Malaman makaranta da ɗaliban sakandare za su amfana da wannan kati, amma ina ba mai shagon shawara ya roƙi malam ya ɗauki kashi na biyu, kuma ya yi shi da sassafe kafin a tada janareta.