Metron Alƙahira a Idon Ɗalibin Azhar: Abin da Na Gani Cikin Shekara Uku

Makon farko da na sauka a Masar domin karatu a Jami'ar Azhar, kusan rabin guzurin da na ware wa wata guda ya tafi a kuɗin tasi, saboda ban san hanya ba, kuma Larabcin littafi da na zo da shi daga gida bai amfane ni wajen ciniki da direbobi ba. Wani ɗalibi da ya riga ni zuwa shi ne ya kai ni tashar Abbasiyya, ya saya mini tikiti, ya nuna mini taswirar da ke jikin bango. Tun daga ranar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa a garin ke kira metro, ya zama abin hawana, kuma a kansa nake son yin bayani ga ƙannenmu masu shirin tahowa.

An buɗe layi na ɗaya a shekarar 1987, kuma shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka. Yana tashi daga Hulwan a kudu ya ƙare a Marj a arewa maso gabas. Layi na biyu ya haɗa Shubra da yankin Giza, yana ratsawa ta ƙarƙashin kogin Nilu, yana kuma tsayawa a bakin Jami'ar Alƙahira. Amma layin da ya fi shafar ɗalibin Azhar shi ne na uku, wanda aka fara aiki da shi a 2012 tsakanin Ataba da Abbasiyya, domin a unguwar Abbasiyya ne Madinatul Bu'us take, wato masaukin ɗalibai baƙi. Jiragen wannan layin suna da na'urar sanyaya iska, kuma duk wanda ya taɓa ɗanɗana zafin Alƙahira a watan Yuli ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne farashi a bayyane yake, babu ciniki, babu bambanci tsakanin ɗan gari da baƙo. Tsofaffin ɗalibai suna ba mu labarin lokacin da fam ɗaya, kuɗin Masar, ke kai mutum ko'ina, kafin a mayar da shi fam 2 a 2017, sannan a 2018 aka raba shi bisa yawan tashoshi. Bayan ƙarin da aka yi a watan Agusta na 2024, tafiyar da ba ta wuce tasha tara ba ta koma fam 8, mafi nisa kuma fam 20. Ko da yake ƙarin ya taɓa aljihun ɗalibin da ke jiran ɗan abin da za a turo masa daga gida, har yanzu ban ga abin hawan da ya kai shi sauƙi da kiyaye lokaci ba, musamman da hantsi, lokacin da motoci ke cunkushewa a kan tituna har mutum ya rasa darasin farko yana zaune a cikin bas.

Tashar Ataba ita ce na fi so. Da zarar mutum ya fito zai tarar da kasuwar littattafai ta Azbakiyya, inda ake samun tsofaffin bugu na littattafan nahawu da fiƙihu da tafsiri a kan farashin da ɗalibi zai iya biya. Daga nan kuma za a iya takawa ta titin Muski har Masallacin Azhar da shagunan littattafan da ke bayansa, ko da yake tafiyar tana da ɗan tsawo, kuma kasuwar a cike take maƙil. Ranakun hutu nakan hau layi na ɗaya in sauka a Mar Girgis, in taka zuwa Masallacin Amru ɗan Asi, wanda shi ne masallaci na farko da aka gina a Masar. Wuraren da a da nake karanta sunansu a littafin tarihi, tikiti ɗaya ne ya kai ni gare su.

'Yan'uwanmu mata suna da taragu na musamman a tsakiyar kowane jirgi, akwai kuma alama a dandamali da ke nuna inda za su tsaya. Wannan tsari ya kwantar da hankalin iyaye da yawa da na yi magana da su, kuma ɗalibai matan da na sani sun fi son metro a kan ƙananan motocin haya saboda shi. Namiji sabon zuwa ya lura da alamar kafin ya shiga, domin akwai tara.

Sai dai akwai abin da ya kamata a shirya masa. Da safe da kuma bayan tashi daga aiki, tashoshin canjin layi irin su Shuhada da Sadat da Ataba sukan cika har mutum ya bar jirgi ɗaya ko biyu su wuce. Wanda zai sauka ya fara matsawa bakin ƙofa tun tasha ɗaya kafin tasa, kuma zai ji na bayansa yana tambayarsa “nazil?”, ma'ana ko zai sauka ne, idan ba zai sauka ba, sai ya ba da hanya. A riƙe tikiti da kyau, domin da shi ake fita. Haka kuma jirgin bai isa Hayyul Ashir ba, unguwar da ɗaliban Afirka da dama ke kama haya, don haka mazauna can sai sun haɗa da ƙaramar bas.

Shawarata ga sabon ɗalibi ita ce, ya nemi wanda ya riga shi zuwa ya raka shi sau biyu ko uku, ya haddace tashoshin canjin layi, sannan da zarar ya karɓi shaidar rajistarsa ya je ofishin tasha ya tambayi yadda ake yankar katin rangwamen ɗalibai.