Sikanar silaid da allunan Hawan Kibo: abin da na gani cikin wata biyu

Wata biyu ke nan ina amfani da wata ƙaramar na'urar sikana da na saya domin in mayar da hotunan silaid (ƙananan hotunan fim da ake haskawa a bango) na marigayi kawuna cikin kwamfuta. Safiyo ne a Jos, kuma duk inda aiki ya kai shi a tsaunukan Filato sai ya ɗauki hoton allunan bakin hanya, tun daga na gargaɗin gangara a Hawan Kibo har zuwa masu nuna nisan Bukuru da Fankshin, amma bai rubuta kwanan wata a kan ko ɗaya ba.

Wajen fito da rubutu, na'urar ta biya ni. Allon da a tafin hannu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da na sa ta a kan ƙarfinta na ƙarshe sai ga haruffansa tangaram, har da tsatsar kusoshi. Sai dai tana da nawa, domin kowane silaid yana cin kusan minti uku, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya sai a sake daga farko. Manhajarta mai goge ƙura da hasken infared ta yi aiki a kan fim samfurin Ektachrome, wanda launinsa ya riga ya koma ja-ja, amma a kan samfurin Kodachrome sai ta riƙa cinye gefen haruffa, saboda rinin wannan fim yana tare hasken. Na kashe ta na koma ga ɗan buroshi mai laushi, wanda a lokacin hunturu aiki ne na mai haƙuri.

Gano shekara kuwa ba aikin na'urar ba ne, domin ba ta ɗaukar kwalin da ke kewaye da fim, alhali a nan ake buga wata da shekarar wanki. Ko wannan hatimin ma lokacin wanki yake nunawa, ba ranar ɗauka ba. Saboda haka sai na koma cikin hoton kansa. Allon da ke ɗauke da sunan Jihar Binuwai-Filato yana tsakanin 1967 da 1976, kuma motar da ke bin hannun hagu ta nuna kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

A nan ne na kusa yin aika-aika. Na saka wani silaid a juye, wata babbar mota ta fito a hannun hagu, har na rubuta 1971, sai daga baya na lura cewa haruffan allon a birkice suke. Na'urar ba ta faɗakar da mutum kan wannan, kuma takardar bayaninta ba ta ce uffan ba.

Mai silaid ɗari biyu ko uku zai ci moriyar kuɗinsa, muddin zai ɗauki hoton kowane kwali da waya, gaba da baya, ya ba shi lamba ɗaya da ta sikan ɗinsa. Ni saura akwati guda, na hanyar Mambila.