Farin Dokin Uffington ya burge ni, kamfanin da ya kai mu kuwa bai kyauta ba

Ranar Asabar muka bi motar wani kamfanin yawon buɗe ido daga Oxford, ni da maiɗakina da yara biyu, don ganin farin dokin nan na Uffington, wato wani ƙaton zanen doki na zamanin da a jikin wani tudu a Ingila. A hoton tallarsu doki ne sak, ya miƙe yana sukuwa. Muka hau tudun muna haki, iska na kaɗa mu, sai muka tarar da wasu fararen layuka kwance cikin ciyawa. Auta ta ja min riga ta ce, "Baba, ina dokin?" Wallahi raina ya ɓaci. Ashe daga sama aka ɗauki hoton! Tsawon dokin mita 110 ne, in kana gab da shi ba za ka gan shi duka ba, sai daga nesa. Jagoranmu ya san da haka sarai, amma ko minti biyar bai tsaya da mu a ƙasa ba.

Abin da ya sanyaya min zuciya 'yan sa-kai ne da muka iske a durƙushe, kowa da guduma da bokitin alli, suna dandaƙa shi a jikin dokin. Wata dattijuwa, hannuwanta fari fat har gwiwa, ita ta yi mana bayanin da muka biya kuɗi a yi mana. Ashe ba fenti ba ne. Rami aka haƙa aka cika da dakakken alli, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma da an daina gyara ciyawa za ta cinye shi. A Yaƙin Duniya na Biyu ma sai da aka lulluɓe shi don kada jiragen Jamus su gane hanya da shi. Ni da na taso ina kallon hawan Sallah, ganin mutane sun durƙusa wa hidimar doki haka ya taɓa ni ƙwarai. Nan take na ce kuɗinmu ba su tafi a banza ba.

To amma ana cikin hirar jagoran ya fara ɗaga mana hannu, wai lokaci ya ƙure. Ga tudun Dragon Hill a ƙasanmu, inda almara ta ce an kashe wani dodo, jininsa ya hana ciyawa fitowa har yau. Yara sun so hawa, ya ce babu dama. Daga nan ya zube mu a wani shagon shayi, muka ɓata fiye da awa guda a zaune.